Itacen Surukina da Na Sare da Damina

Ranar Laraba da hantsi maƙwabcin surukina ya zo har ofis a kan babur ya gaya mini surukin nawa ya cika. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sake faɗa, sannan na tsaya ina kallon takardun da ke gabana kamar ban taɓa ganinsu ba. Kafin in ɗauko matata daga gidanmu na Yalwawa mu isa ƙauyensu, an riga an yi masa wanka. Bayan azahar aka sallace shi.

Na je zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin wanda mutane suka zo da fartanya a kafaɗa, ƙafafu duk taɓo, kai tsaye daga gona, kamar wannan ba. Wani kafinta daga cikin Dutse ya zauna a gefen tabarma yana share ido da hularsa, yana cewa, "Wa zai ƙara sayar mini da itace ya gaya mini aibinsa kafin in gani?" Wani tsohon Bafulatani da yakan sauke shanunsa a gonar marigayin da rani ya ajiye ƙwaryar nono a bakin zaure. Bai iya doguwar gaisuwa ba, ya dai ce, "Bai taɓa korar mini saniya ba." Daga cikin gida kuwa muna jiyo muryar wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ana ba ta haƙuri, tana cewa a bar ta ta faɗa, wanda ya ciyar mata da marayu da damina ne ya tafi.

Ni kuma duk wanda ya zo gabana sai ya riƙe hannuna ya daɗe. "Malam, sai haƙuri. Kai ka fi kowa rashi. Ba suruki kaɗai ka rasa ba, ka rasa abokin noma." Sai in sunkuyar da kai. Su a zatonsu baƙin ciki ne ya hana ni ɗagowa.

Mutum ɗaya ne bai riƙe hannuna ba, aminin marigayin, wanda matata ke kira Baffa, ni ma na bi bakinta. Ya miƙo mini kan yatsunsa, ya ce, "Ya haƙuri," ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi. A duk taron, shi kaɗai ya gaishe ni gaisuwar da ta dace da ni.

Ina rubuta wannan ne don jikokinsa su san wane ne kakansu. Na so in rubuta shi shi kaɗai, in bar kaina a gefe. Na gwada, ya ƙi. Ba a gane girman mutumin nan sai an faɗi abin da na yi masa.

Baba nake ce masa. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, alhali ni akawu ne kawai a wata ma'aikata. Shekara biyu da aurena da 'yarsa aka ƙirƙiro sabuwar jiha, aka kwaso mu daga Kano zuwa Dutse. Kunyar surukuta yake riƙe da ita irin ta mutanen da. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabansa ba. In ya shigo gari, a ƙofar gida yake jingine kekensa, 'yarsa ta fito su gaisa, ya ajiye mata kuka da daddawa ya juya. In na je ƙauyen, ni ina tsugune, shi yana kallon gefe, mu yi ta tambayar lafiyar juna har gaisuwa ta ƙare, mu rasa abin cewa.

A cikin tsaransa kuwa mutum ne mai barkwanci. Na sha jiyo shi daga nesa yana cewa manomi da kunya biyu yake rayuwa, ta gona da ta ido, su yi ta dariya. Yana da wata magana da har yara suka haddace: "Itace rumbu ne a tsaye, ɓera ba ya shigarsa." In zai tafi gona da butarsa yake tafiya, kuma ba ya alwala sai a gindin dashen da ya fi kowanne rauni. Aljihun rigarsa kullum da toka a ƙulle cikin leda, saboda gara. Na taɓa ganinsa ya tsaya yana yi wa akuyar maƙwabci faɗa kamar mutum, don ta ture ƙayar da ya kewaye wani dashe da ita.

A shekarun nan malaman gandun daji suna yawo ƙauyuka suna raba dashen itace. Mutane sukan karɓa don kunya, su dasa, awaki su cinye, shekara ta zagayo a sake kawowa. Baba ne ya tara maƙwabtansa na gona a ƙofar masallaci ya ce wannan wasa ne. Ya ce ga Dutse can ana gini ba dare ba rana, magina suna neman sanduna, kafintoci suna neman katako, ga mu nan kuma duk tsakiyar damina sai an sami gidan da hayaƙi bai tashi ba. Me zai hana a haɗa biyun?

Abin da suka tsara ba shi da wuya. Kowane manomi zai dasa layi uku a gefen gonarsa. Biyu nasa ne. Na ukun a ɗaura wa itatuwansa jan ƙyalle, wannan na ƙungiya ne. In ya isa sara, sai bayan girbi a sare a sayar, a sayi hatsi lokacin da yake araha, a zuba a rumbun da suka gina kusa da masallaci. Ba a buɗe rumbun sai damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Kafin itacen ya girma, kowa yana kawo damin hatsi guda. Baba da bakinsa ya kafa dokar cewa duk wanda ya taɓa layin jan ƙyalle ba da sanin jama'a ba, ya fita daga ƙungiya. Shi suka ba shugabanci.

Rabon hatsin ma yana da yadda yake yinsa. Ba ya yarda mai buƙata ya zo ya tsaya a gindin rumbu. Matarsa, Inna, ita take ɗauka a ƙwarya ta rufe da faifai, ta shiga gidajen kamar ta je barka. Yakan ce, "Yunwa ta ishe su, kada a ƙara musu da ido."

Sun yi rigima da Baffa a kan irin itacen da za a dasa, rigimar da har yau ake ba da labarinta. Baba yana son itacen turare, don yana miƙewa sambal, in an sare kuma ya yi tofo. Baffa ya ce turare ɓarawon ruwa ne, itacen da tsuntsu ma ba ya son yin sheƙa a kansa, darbejiya za a dasa. Baba ya ce, "Kai da darbejiya ɗaci ne ya haɗa ku." Baffa ya naɗe buzunsa ya koma wancan gefen masallaci, ya yi mako guda a can. Ranar da suka shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri. Baba ne ya je ya zauna kusa da shi ya ce, "Tudu naka, gangare nawa." Aka dasa darbejiya a kan tudu, turare ta wajen fadama, gawon da ke tsakiyar gonaki kuma aka ce ko reshensa kada a taɓa.

Ni na shigo ne ta hannun Baffa, don suruki ba ya ciniki da suruki. Ya same ni ya ce Baba yana da ƙasa da ƙarfi, ni ina da albashi, na kuma san mutanen ofis. In kawo taki da dashe, shi ya yi aiki. Hatsi a raba, layi biyun nan ma in sun girma a raba. Ya ce, "Na ukun kuwa ba naka ba ne, ba nasa ba ne. Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To ni ne shaida."

Shekara biyar ba mu sayi hatsi a gidana ba. Abokan aikina suna kuka da tsadar kasuwa, albashi yana makara, ni kuwa ɗakin ajiyata cike da gero da wake. Har na fara jin kaina manomi. Wata rana aka yi baƙi a ma'aikata, masu son ganin yadda ƙananan manoma ke haɗa noman abinci da na itace, na ce ai ina da gonar nunawa. Na kai su. Na tsaya a gaban layin turaren ina bayani da Turanci, ina cewa mun yi kaza, mun tsara kaza. Baba yana can gefe riƙe da kekensa. Wani cikin baƙin ya tambaye ni wane ne dattijon. Na ce manomin da ke kula mana da wurin ne. Baba ba ya jin Turanci. Da wannan na daɗe ina lallashin kaina.

Sai na sami fili a Yalwawa na fara gini. Na ɗauko shi da girma, wai har da bene, don in nuna wa 'yan'uwana na Kano cewa zuwana Dutse ba faɗuwa ba ce. Gini ya kai inda za a zuba simintin sama, magini ya ce yana buƙatar sandunan tokare masu yawa, miƙaƙƙu, kuma cikin makon nan, in ba haka ba zai kwashe ma'aikatansa ya tafi wani aikin. Na zaga gari, sanduna sun yi wuya, kowa gini yake. A hanyar komawa gida zuciyata ta ce mini: kai da kake da turare a tsaye? Wa ya kawo dashen?

Tsakiyar damina ce, gero ya yi ciki. Na san ba lokacin sara ba ne. Na san in na aika Baffa, amsar da zai kawo ita ce in jira kaka. Na ce wa kaina ai ba ya kyautuwa in tunkari suruki da irin wannan magana, kunya ta hana. Ƙarya nake yi. Ba kunya ba ce, na dai san za a ce a'a. Sai na zaɓi ranar kasuwa, ranar da na tabbata Baba ba ya gona, na ɗauki a-kori-kura biyu da masu injin yanka daga wani ƙauye na kusa.

Ban shiga gonar ba. Na tsaya a bakin hanya jikin motata. Itacen farko da ya faɗi, cikin geron ya faɗi, na ji ƙarar karan yana kakkaryewa. Suka ja shi a kan kunyoyi zuwa bakin hanya, ya bar wata hanya mai faɗi a tsakiyar shukar. Na ga wannan da idona. Da na ce a tsaya a nan, da abin da zan rubuta yau gajere ne.

Da suka gama da layi biyun, babbansu ya zo yana goge gumi ya ce ba za su kai adadin da magini ya ce ba. Ya nuna na ukun da baki.

"Ranka ya daɗe, waɗancan masu jan ƙyallen fa? Sun fi miƙewa."

Na dubi hanya, ba kowa. Na ce, "Ku sare."

Layin jan ƙyallen gonar Baba shi ne na farko da aka dasa a duk ƙauyen, shi ne kuma na farko da ya isa sara. Da kakar nan ake sa ran a sayar da shi a cika rumbu da kuɗin itace a karo na farko. Duk na san wannan.

Muna fitowa, rana ta ɗan karkata, sai ga Baba a kan keke ya dawo da wuri. Hanyar siririya ce. Ya sauka, ya ja kekensa cikin ciyawa don motocin su wuce. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, jan ƙyalle yana reto a jikin sandunan, ko cirewa ba a yi ba. Dole na tsaya. Na fito na tsuguna a kan jiƙaƙƙen yashi.

"Malam, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya mutanen gidan? Ya yaran?"

"Suna lafiya, Baba."

Ya bi motocin da kallo har suka sha kwana. Ya ce, "Sun miƙe kuwa." Sannan ya ce, "Allah ya sa albarka a ginin. A gaida gida." Ya tura kekensa ya nufi gonar a ƙasa, bai hau ba.

Sati uku sandunan suka yi suna tokare da siminti. Da ya bushe aka cire su aka jibge a tsakar gida, duk ƙusa da busasshen siminti. Na ce wa matata ga itacen girki ya samu. Ta dube su, ta ga ragowar ƙyallen a jikin wani, ta ce, "Ni ba zan hura wuta da waɗannan ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaye ta dalili ba. Haka muka zauna da maganar a tsakaninmu, kowa yana kewaye ta.

Da kaka aka kawo mini rabona na gero, cif kamar kowace shekara. Na tsaya ina kallo ana saukewa. Mutumin da ya ga yadda aka tattake gonar nan ya san ba za ta ba da haka ba. Na sa aka shigar ɗaki, na aika da godiya da turmin atamfa ga Inna. Ba da daɗewa ba matata ta dawo daga ƙauye ta ce Baba ya bar shugabancin ƙungiya. Na ce tsufa ne, gara ya huta. Ta yi mini kallo ɗaya ta shige ɗaki.

Baba bai fasa komai ba. Duk kaka hatsi yana zuwa. In ya shigo gari yana tsayawa a ƙofar sabon gidan kamar yadda yake tsayawa a ta tsohon. Ranar sunan ɗana na uku ne kawai aka matsa masa ya shigo falo. Ya zauna a ƙasa, ya ɗaga kai ya dubi rufin ya daɗe, ya ce, "Ya yi kyau." Na fita waje na ce zan duba masu dafa abinci.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da wa'azi. Ni ma ina sahun gaba, na tsayar da gemu, ina gyara wa matasan ofis tsayuwar salla. Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin mutane. Ya ce Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da Shi, amma abin da ke tsakaninka da bawa sai bawan ya yafe, kuma mafi munin ci shi ne cin abin da aka tanada don mai yunwa. Na ji kamar da ni kaɗai yake. Washegari da safe na kama hanyar ƙauye, ina ta shirya maganar a bakina.

Na sami Baba a bayan gida yana cika ledoji da ƙasa, yana shirya dashen bana. Ya rame, gashin kansa ya yi fari fat. Na tsuguna. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce, "Baba, dama na zo ne..." sai bakina ya yi nauyi. Ya dakata da ledar a hannu, yana kallon ƙasa, yana jira. Ya jira ni, wallahi ya jira ni. Na ce, "Dama na zo ne in ji ko takin bana ya isa."

Ya ci gaba da cika ledar. Ya ce, "Ya isa, Malam. Allah ya yi albarka." Can ya ƙara da cewa, "Hadari yana haɗowa, hanyar nan kuwa ba ta da kyau in ta sha ruwa." Sallamata ya yi, don ya ga na kasa, kada in ci gaba da tsuguno cikin wahala. Na tashi na tafi, har ina jin sauƙi. Na ce wata rana zan dawo. Shekara uku ina cewa wata rana.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka watse, na bi Baffa har zaurensa. Ya zauna a kan buzu, bai ce in zauna ba. Na tsuguna na ce, "Baffa, layin ƙungiya da aka sare a gonar Baba, ni na sa aka sare. Ba da saninsa aka yi ba. Ban tambaye shi ba."

Ya ce, "Yau ka sani?"

Na sunkuyar da kai.

"Mu tun ranar muka sani. Mata masu tsinkar rama sun ga motarka. Masu injin ma 'ya'yan ƙauyen can ne, a kasuwa suka ba da labari." Ya ajiye carbinsa. "Ka san abin da ya yi? Da muka taru a ƙofar masallaci, kafin kowa ya buɗe baki ya miƙe ya ce shi ya ba da umarni. Na ce masa, ƙarya kake yi, mutumina, shekara sittin ban ji ka yi ƙarya ba sai yau. Ya ce, gonar wa? Tawa. Wa ya shigo da shi cikinmu? Ni. To ku cire ni. Muka ce ba za mu cire shi ba. Ya ce in kuka bar ni don ni na kafa dokar, baɗi kowa zai sare nasa ya ce uzuri ne, rumbun nan kuma ya zama ɗakin kaji. In kuma kuka kira yaron nan gaban jama'a, 'yata ce za ta kasa ɗaga kai a garin ubanta. Ku zaɓa."

Baffa ya dube ni. "Ni na faɗi kalmar da bakina. Ni na cire aminina daga abin da ya gina, saboda kai. Daga ranar, in ana taro, a bayan tabarma yake zama, a kan ƙasa. Ba ya magana sai an tambaye shi. Amma duk dashen da ka gani a garin nan, daga bayan gidansa ya fito."

Na ce, "Rumbun fa, Baffa?"

"Rumbu ya cika. Da kaka ya kwashi abin da gonar ta ba shi ya zuba a madadin layin. Abin da ya rage ya aika maka. Ba ka taɓa tambayar me suka ci ba?"

Ban taɓa ba.

Na ce ya gaya mini abin da zan yi. Ya ce dashe yana nan, gefen gonaki yana nan, in ina so in zo da hannuna ba da aike ba, ƙungiya ba ta korar mai aiki. "Amma yafiya ba a wurina take ba. Shiga ciki."

Ban taɓa yi wa Inna magana fiye da gaisuwa ba. Tana ɗakinta cikin takaba, an saki labule. Na tsuguna a bakin ƙofa, matata tana tsaye a bayana. Na faɗi abin da na faɗa wa Baffa, wannan karon ban rage komai ba, har abin da na ce wa baƙin nan da Turanci.

Sannan na ji muryarta, a hankali.

"Ya bar maka saƙo. Da ciwon ya yi tsanani ya ce, in Malam ya zo da maganar itace, a ce masa na yafe tun a kan hanyar, kafin in kai gona. In bai zo da ita ba, kada a tayar masa. To ka zo, na isar."

Na kifa goshina a kan dokin ƙofa. Kuka ya ƙwace mini irin wanda ban yi ba ranar da aka binne shi.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Wannan nasa ne. Nawa daban. Daminar da ta biyo baya, ni na yi wata biyu ina dafa tafasa da rama ina yayyafa ɗan gari a kai don a ce tuwo ne. Ni na ga yana ɗaure ciki da rawani zai tafi noma. Ni na kai wa maƙwabta hatsi a ƙwarya daga rumbun nan, na dawo gidana ba abin ɗorawa, don ya ce wanda aka cire ba ya ci daga ciki. Shi mutum ne mai sauƙin zuciya. Ni ban kai shi ba. Ka ba ni lokaci."

Na ce, "To, Inna."

Wata bakwai ke nan. Duk Asabar ina zuwa, in cire takalmi in shiga layin masu dashe tare da mutanen da suka san abin da na yi tun kafin in faɗa. Ba wanda ya taɓa goranta mini. In na gama sai in je bakin ƙofarta in tsuguna in gaishe ta. Tana amsawa, tana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce komai a kan waccan maganar ba tukuna, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Allah Ka ji ƙan bawan nan Naka. Ka yalwata masa makwanci, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi masa addu'a. In da saura, ya roƙa mini Allah Ya sanyaya zuciyar Inna kafin ɗayanmu ya bi shi.